Yadda Ake Yanke Hoto Ya Zama Da'ira a Rahoton Power BI

Tun da na haɗa rahoton ciniki na wata-wata wanda hoton kowane wakilin tallace-tallace ke zaune a cikin da'ira kusa da sunansa, tambaya ɗaya ake ta yi mini: ina maɓallin da ake dannawa hoto ya zama zagaye? Masu tambayar sun saba da PowerPoint, inda abin yake a fili. Power BI kuwa, manhajar Microsoft ta haɗa rahoton alƙaluma, an daɗe ana aiki da shi ba tare da almakashin hoto irin wancan ba. Abin da mutane ke fara cin karo da shi shi ne Rounded corners da ke ƙarƙashin Visual border, wanda iyakarsa fiksil 30 ne. Yana dakushe kusurwa, amma hoto mai matsakaicin girma ba zai zama da'ira da shi ba.

Abin da nake so ka riƙe tun daga farko shi ne, yawancin aikin ana gama shi kafin hoton ya shiga Power BI. Hoton da aka daidaita tsawonsa da faɗinsa, aka rage masa nauyi, aka sa fuska a tsakiya, zagaye shi aikin minti biyu ne. Wanda ba a yi wa haka ba, duk dabarar da ka bi sai ya ba ka wahala.

Kayan aiki da abin da za ka kashe

Kana buƙatar Power BI Desktop, kyauta ne, amma a Windows kaɗai yake aiki. Sai PowerPoint na kwamfuta, wanda galibin ofisoshi suna da shi. In babu, GIMP kyauta ce kuma tana yin aikin. Don rage girman hotuna da yawa a lokaci guda, sauke PowerToys na Microsoft, shi ma kyauta, a cikinsa akwai Image Resizer. Kuɗi ba ya shigowa sai lokacin raba rahoton ga abokan aiki ta intanet: lasisin Pro dala 14 ne ga mutum ɗaya a wata tun Afrilun 2025, kafin nan dala 10 ne. Yanke hoton kansa ba ya cin ko kwabo.

Microsoft na sabunta manhajar kusan kowane wata, don haka wani suna a allonka yana iya ɗan gusawa daga inda na ambata. Jerin matakan dai ba ya canjawa.

Mataki na 1: Ƙirga hotunanka

Hanyoyi biyu ne manya, kuma yawan hotuna ne ke zaɓa maka. In tambarin kamfani ne, ko hoton manaja ɗaya, ko shugabannin sashe huɗu da ba sa canjawa, bi mataki na 2 zuwa na 4 ka tsaya nan. In kuwa ma'aikata arba'in ne ko kaya ɗari biyu, kuma kana son hoto ya canja duk lokacin da aka zaɓi wani suna, yi mataki na 2, sannan ka tsallaka zuwa na 5.

Gargaɗi: kada ka jera hotuna talatin da hannu kusa da tebur, kowanne daidai da layinsa. Ranar da wani ya sake jera teburin daga mafi yawan ciniki zuwa mafi ƙanƙanta, sunaye za su motsa, hotuna su tsaya inda suke, fuskar wani ta koma kan lissafin wani.

Mataki na 2: Daidaita hoton, ka rage masa nauyi

Nan ne zan fi daɗewa, domin nan ake yawan faɗuwa.

Da'ira tana cinye kusurwoyi huɗu na hoto. In ka yi lissafi, da'irar da ta cika murabba'i tana barin kusan kashi 79 cikin ɗari na filinsa, sauran kashi 21 sun tafi. Saboda haka hoton fasfo da aka ɗauka kurkusa, kai ya kusa taɓa sama, ba ya kyau a da'ira. Na ga wannan da idona a rahoton farko da na yi: wani dattijon ma'aikaci sanye da doguwar hula zanna bukar, da'irar ta yanke rabin hular, ta kuma shafe kafaɗunsa, ya fito kamar an leƙo shi ta ƙofar makulli. Sai da muka sake ɗaukar hoton daga ɗan nesa. Haka ma mata masu ɗaurin ɗankwali mai faɗi. Ka bar sarari sama da kai da gefe biyu, idanu su zauna kaɗan sama da tsakiyar hoton.

In kai ne za ka tara hotunan, sa kowa ya tsaya gaban bango ɗaya, da haske ɗaya, da nisa ɗaya. Da'irori ashirin a jere, wannan bayansa shuɗi, wancan bayansa motoci a titi, suna ɗauke hankalin mai karatu daga alƙaluma.

Sai girma. Hoton waya yakan kai megabayit biyu zuwa biyar, alhali a rahoto zai zauna ne a fili da bai wuce fiksil 100 ba. Shafin Power BI na asali gaba ɗaya fiksil 1280 ne a faɗi, 720 a tsaye. Don haka fiksil 200 a kan 200 ya wadatar, 300 a kan 300 in hoton zai fito babba. Zaɓi dukkan hotunan a folda, danna dama, zaɓi Image Resizer, ka ba shi 200 da 200, ka zaɓi Fill don ya cika murabba'in ba tare da ya ja fuska ba. Bayan ya gama, buɗe su ɗaya bayan ɗaya ka duba, domin shi tsakiya yake yankewa, bai san inda fuska take ba.

Gargaɗi: wayoyin iPhone sukan ajiye hoto a tsarin HEIC, wanda Power BI ba ya nunawa. Mayar da shi JPG tukuna. Sannan ka yi aiki a kan kwafi, ka bar hotunan asali a wata folda daban.

Mataki na 3: Yanke da'irar a PowerPoint

Buɗe shafi fanko, ka shigo da hoton ta Insert, Pictures. Danna hoton, ka shiga Picture Format, ka danna ƙaramar kibiyar da ke ƙarƙashin Crop. Zaɓi Aspect Ratio, sannan 1:1. Za ka ga akwatin yanka. Ja hoton da linzami har fuskar ta zauna inda kake so, ka danna waje. Koma kibiyar nan, zaɓi Crop to Shape, ka ɗauki Oval. Tunda tsawo da faɗi ɗaya ne, abin da zai fito cikakkiyar da'ira ce.

Gargaɗi: in ka manta da 1:1, ƙwai za ka samu. Kuma kada ka gyara ƙwan ta hanyar matse gefensa, fuskar ce za ta motse.

In kana son zobe a bakin da'irar, yi shi nan ta Picture Border, ka zaɓi launi da kauri. Daga nan danna dama a kan hoton, zaɓi Save as Picture, ka tabbata nau'in fayil ɗin PNG ne. Wannan ba zaɓin ra'ayi ba ne. JPG ba ya iya barin fili marar launi, zai cike kusurwoyin nan huɗu da fari. A kan farin shafi ba za ka lura ba, sai ranar da aka sa wa rahoton bango mai duhu, farin akwati ya bayyana a bayan kowace da'ira.

Mai amfani da GIMP: ƙara Alpha Channel ga hoton, zana da'ira da Ellipse Select bayan ka kulle ta a 1:1, juya zaɓin da Invert, danna Delete, ka fitar da shi PNG ta Export As.

Mataki na 4: Shigar da shi cikin rahoto

A Power BI Desktop, Insert, Image, ka zaɓi fayil ɗin. A sashen Format, shiga General, Properties, ka rubuta tsawo da faɗi iri ɗaya da hannu, misali 96 da 96, ka kunna Lock aspect ratio. Kashe Background da Visual border da Shadow na akwatin, domin dukkansu siffar murabba'i suke bi, inuwa mai kusurwa kuma a bayan da'ira tana tona asirin yankan. Rubuta sunan mai hoton a Alt text saboda masu amfani da manhajar karanta allo. In hotuna huɗu ne a jere, zaɓe su duka ka yi amfani da Align da Distribute maimakon auna su da ido.

Mai hotuna kaɗan ya gama.

Mataki na 5: Ɗebo hotuna masu yawa daga folda

Kafin komai, sake wa kowane hoto suna da lambar da ke cikin bayananka. In lambar ma'aikaci 0147 ce, fayil ɗin ya zama 0147.jpg. Kada ka yi amfani da sunan mutum. A ma'aikata ɗaya ana samun masu suna iri ɗaya uku, kuma rubutun suna yana bambanta daga takarda zuwa takarda.

Danna Get data, zaɓi Folder, nuna masa foldar hotunan da ka rage, sannan ka danna Transform Data. Kada ka danna Combine, wannan na haɗa fayilolin lissafi ne. Power Query, wato sashen gyara bayanai na Power BI, zai nuna maka tebur mai ginshiƙan Content, Name, Extension da sauransu. Tace Extension ya rage .jpg kaɗai, don ɓoyayyun fayilolin Windows kada su biyo. Power Query yana bambanta babban baƙi da ƙarami, .JPG da .jpg a wurinsa abu biyu ne, don haka mayar da ginshiƙin ƙananan baƙaƙe kafin ka tace.

Yanzu Add Column, Custom Column, sa masa suna Hoto64, ka rubuta:

Binary.ToText([Content], BinaryEncoding.Base64)

Abin da wannan ke yi shi ne mayar da hoton dogon rubutu, a tsarin da ake kira Base64, wanda za a iya ajiyewa a cikin tebur. Mayar da nau'in sabon ginshiƙin Text. A kan Name kuma, yi amfani da Extract, Text Before Delimiter, ka ba shi ɗigo, lambar ta fito ita kaɗai. Bar ta a matsayin Text, in ta zama lamba sifilin farko zai ɓace, 0147 ta koma 147, haɗin ya ƙi.

Babban gargaɗin jagorar nan: Power BI ba ya ɗaukar rubutun da ya wuce haruffa 32,766 a gida ɗaya na tebur. Abin da ya wuce haka yanke shi yake yi, kuma ba ya faɗa maka. Base64 yana ƙara wa fayil kusan kashi ɗaya cikin uku na girmansa, wato hoton da ya haura kilobayit 24 ba zai shiga cikakke ba. Alamarsa ita ce hoto ya fito rabi, ƙasansa toka-toka, ko ya ƙi fitowa sam. Ni kilobayit 20 nake sa wa kaina iyaka. Don ka tabbatar, ƙara wani ginshiƙi na wucin gadi da Text.Length([Hoto64]), ka jera daga babba zuwa ƙarami, duk wanda ya haura 32,000 ka koma ka rage shi. A wannan hanyar JPG ake so, ba PNG ba, domin hoton fuska a PNG yana da nauyi sosai, kuma da'irar a mataki na 7 za mu yanka ta.

Goge sauran ginshiƙan, ka bar lamba da Hoto64, sa wa teburin suna Hotuna, ka danna Close & Apply.

Mataki na 6: Haɗa teburin da bayananka

A Model view, ja lambar daga teburin ma'aikata zuwa lambar da ke Hotuna. Tunda kowane mutum hoto ɗaya ne, haɗin ɗaya-da-ɗaya zai zama. In Power BI ya ce akwai maimaici, akwai lambar da ke da hotuna biyu a folda. Wanda ya fi son sauƙi yana iya yin Merge Queries tun a Power Query, hoton ya zama ginshiƙi a cikin teburin ma'aikata kai tsaye. Ni wannan na fi so, yana rage igiyoyin haɗi. In ka bi shi, a mataki na 7 ka sa sunan teburin ma'aikata a madadin Hotuna. Abin da bai kamata ba shi ne haɗa hoton da teburin ciniki mai dubban layuka.

Mataki na 7: Rubuta ma'aunin da ke zana da'irar

Dabarar ita ce mu sa Power BI ya zana ƙaramin hoton SVG, wato zanen da ake rubutawa da umarni, mai ɗauke da hoton mutumin, da'ira kuma ta zama tagar da ake ganinsa ta ciki. Danna New measure, wato sabon ma'auni, ka rubuta wannan da DAX, harshen lissafi na Power BI:

Hoton Zagaye =
VAR H = SELECTEDVALUE ( Hotuna[Hoto64] )
RETURN
IF (
NOT ISBLANK ( H ),
"data:image/svg+xml;utf8,"
& "<svg xmlns='http://www.w3.org/2000/svg' viewBox='0 0 100 100'>"
& "<defs><clipPath id='z'><circle cx='50' cy='50' r='48'/></clipPath></defs>"
& "<image href='data:image/jpeg;base64," & H
& "' width='100' height='100' preserveAspectRatio='xMidYMid slice' clip-path='url(%23z)'/>"
& "<circle cx='50' cy='50' r='48' fill='none' stroke='%23006B3F' stroke-width='3'/>"
& "</svg>"
)

Ba sai ka haddace shi ba, amma ka san wurare huɗu. Da'irar farko da ke cikin clipPath ita ce almakashin: tsakiyarta 50 da 50, rabin faɗinta 48, an bar 2 don zobe ya samu wurin zama. Kalmar slice ita ce ke sa hoto ya cika filin ba tare da an ja shi ba. In wasu hotunanka dogaye ne kuma kana ganin ana yanke kai, canja xMidYMid zuwa xMidYMin, za a bar saman hoton a yanke ƙasansa, hula ta tsira. Da'ira ta biyu ita ce zoben, launinsa kore a nan. SELECTEDVALUE kuma yana mayar da fanko in an zaɓi fiye da mutum ɗaya, shi ya sa layin jimilla ba ya nuna hoton kowa.

Gargaɗi na farko: duk inda alamar # take, rubuta %23 a madadinta, ko a lambar launi ko a url. In ka bar # yadda take, hoton ba zai fito ba. Wannan kuskuren ya fi kowanne cinye wa mutane lokaci.

Gargaɗi na biyu: a cikin SVG yi amfani da alamar zance guda, tagwayen na DAX ne. In ka kwafo rubutun ta Word ko WhatsApp, duba ko an mayar da alamomin masu lanƙwasa, domin DAX ba ya karɓarsu.

Gargaɗi na uku: kada ka cire Base64 ka sa adireshin intanet na hoton a wurin href. Burauza ba ta barin SVG da aka nuna a matsayin hoto ya ɗebo wani abu daga waje. Zoben zai fito, cikinsa wayam.

Bayan ka ajiye ma'aunin, zaɓe shi, ka shiga Measure tools, ka mayar da Data category zuwa Image URL. In ka manta wannan, dogon rubutu za ka gani a tebur maimakon fuska.

Tunda zoben DAX ne ke zana shi, kana iya sa shi ya yi magana. Ƙara wani VAR da zai ba da %23006B3F in wakili ya cika abin da aka ɗora masa na wata, ya ba da %23C0392B in bai cika ba, ka sa shi a wurin launin. A taron ƙarshen wata, shugaban sashe yana kallon zobban ya san inda zai fara tambaya. Sai dai ka bar adadin a rubuce kusa da shi, domin akwai masu wahalar bambance ja da kore.

Mataki na 8: Nuna shi a tebur

Ɗauki Table ko Matrix, ka sa lamba ko suna, sannan Hoton Zagaye, sannan alƙalumanka. A Format akwai Image size. Sa tsawo da faɗi iri ɗaya. Tsakanin 40 da 60 yana kyau ga jerin sunaye, fiye da haka layuka kaɗan ne za su shiga allo. In kana son katin mutum ɗaya wanda ke canjawa da Slicer, wato akwatin zaɓen suna, yi tebur mai ma'aunin shi kaɗai, ka ɗaga girman hoton, ka cire layukan tebur, ka sa wa kan ginshiƙin launin bango.

Wanda ba shi da hoto, gidansa zai zauna fanko. Gara ka tanadi hoton inuwar mutum guda ɗaya, ka yi kwafinsa da lambar duk wanda hotonsa bai iso ba.

Mataki na 9: In hotunan suna intanet ne

Wani lokaci hotunan kaya suna shafin kamfani tuni, kowanne da adireshinsa. In an riga an yanke su da'ira a PNG, sa ginshiƙin adireshin a Image URL kawai. In ba a yanke ba, akwai ƙarin kayan nuni mai suna HTML Content a AppSource, rumbun manhajojin Microsoft, wanda ke karɓar ma'auni irin wannan:

"<img src='" & SELECTEDVALUE ( Kaya[Adireshi] ) & "' style='width:120px;height:120px;border-radius:50%;object-fit:cover'>"

Gajere ne kuma yana aiki, amma da sharuɗɗa. Nau'insa biyu ne: wanda Microsoft ta tantance, mai suna lite, ba ya ɗebo hoto daga waje, cikakken kuma ba a tantance shi ba, kuma abin da ba a tantance ba ba ya fitowa in an fitar da rahoto zuwa PowerPoint ko PDF daga Power BI na intanet. Wasu ma'aikatu ma sun toshe irinsa gaba ɗaya, don haka tambayi mai kula da tsarinku kafin ka gina rahoto a kansa. Adireshin kuma dole ya buɗe ba tare da neman kalmar sirri ba, in ba haka ba manhajar waya ba za ta nuna hoton ba.

Gargaɗi: wannan sharaɗin ne ya sa ba na bin hanyar nan da hotunan mutane. Ɗora fuskokin ma'aikata a adireshin da kowa zai iya buɗewa ba ƙaramin abu ba ne. Hoton mutum bayaninsa ne, kuma a Najeriya dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta shafe shi. Ka nemi yardar masu hotunan, kuma kada ka taɓa amfani da Publish to web a rahoton da ke ɗauke da su, domin wannan zaɓin yana buɗe rahoton ga duk wanda ya samu adireshin.

Mataki na 10: Gwada bayan ka wallafa

Abin da ya yi kyau a kwamfutarka bai gama ba. Danna Publish, ka buɗe rahoton a burauza, ka buɗe a waya, ka fitar da PDF ka duba da'irorin a duka ukun. Sake jera teburin ta wani ginshiƙi ka ga ko kowace fuska ta bi sunanta. Zaɓi mutum biyar da ka sani da ido ka tabbatar hotunansu ne, domin kuskuren lamba a sunan fayil ba ya nuna kansa.

Sai batun sabuntawa. In foldar hotunan tana kan kwamfutarka ne, Power BI na intanet ba zai iya isa gare ta ba sai an girka Gateway, manhajar da ke haɗa kwamfutarka da Power BI na intanet, kuma kwamfutar tana kunne lokacin sabuntawar. Inda wutar lantarki ba ta da tabbas, wannan yana nufin sabuntawa za ta riƙa faɗuwa. Mafita ita ce mayar da foldar SharePoint na ma'aikata, ka ɗebo ta da SharePoint folder a mataki na 5 maimakon Folder. Sauran matakan duk ɗaya ne, hotunan suna nan a killace, kuma in sabon ma'aikaci ya zo, sai a rage hotonsa zuwa 200 a kan 200, a sa masa lambarsa, a jefa cikin foldar, ya bayyana a sabuntawa ta gaba.